Sigarin da ke fashewa a baki: hatsari ne ya kashe kasuwarsa ko raguwar mashaya?

Auwal: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, sigarin wasan nan da Amurkawa suka yi yayinsa, wanda za ka ba abokinka ya kunna ya ja sau biyu sai ya ji fau a bakinsa, hatsarinsa ne ya kashe kasuwarsa ba wani abu ba

Malam Habu: Auwal ban yarda ba. Hatsarin ai tun farko yana nan amma aka yi shekaru ana saye. Kamfanin S.S. Adams na jihar New Jersey da irin waɗannan kayan tsokanar ya yi suna, tun daga hodar sa atishawa a 1906. Mashayan ne suka ragu kawai. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto cewa taba na jawo kansar huhu, a 1965 kusan kashi 42 cikin ɗari na manyansu na sha, yanzu ko kashi 15 ba su kai ba. To wa za ka miƙa wa? A da miƙa wa mutum sigari mai kaurin nan karramawa ce, wanda aka yi wa haihuwa ma rabawa yake, shi ya sa ake karɓa ba tare da zargi ba

Auwal: To Malam idan ba hatsari me ya sa masu yinsa suka koma saka ƙaramin sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan mai zabura, maimakon sinadari? Ai sun san abin da suke gudu

Malam Habu: Wannan kam na ba ka, sun canja. Amma ko na sifirin ɗin ma ai ya ɓace daga kantuna, kuma shi ba ya ƙona kowa

Bashir: Ku bar wannan ma, ba da shi hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta so kashe shugaban Cuba Fidel Castro ba? Abin da za a iya kashe shugaban ƙasa da shi ai ya wuce wasa

Malam Habu: Bashir a nan sai a bi a hankali. Kwamitin Sanata Frank Church a 1975 ya tabbatar da makirci aƙalla 8 kan Castro tsakanin 1960 da 1965, a ciki akwai kwalin sigarin da aka sa wa guba, akwai shawarar dasa bam cikin ƙwaryar dodon koɗi a inda yake ninƙaya a teku. Na guba ne a rahoton. Mai fashewar labari ne da ya yi ta yawo a bakin mutane

Bashir: Na ji Malam, ashe guba ce

Anti Rabi: Ku yi haƙuri in sa baki don abin ya taɓa ni. Ni ban taɓa ganin wannan sigarin ba amma na san abin da ƙaramar fashewa ke yi kusa da fuska. Wata Sallah yaran layinmu suka jefa nokawut cikin zauren gidanmu, ɗan ƙanwata yana ɗan shekara 7 ya ɗauka yana dubawa don ya ga kamar ya mutu, a hannunsa ya tashi. Gashin girarsa ya babbake, fatar babban yatsansa ta saɓule, kwana uku idon na ruwa ba ya buɗuwa muna sintirin asibiti, uwar ko abinci ta kasa ci. Allah ya tsare idon amma har yau tabon na nan. Yanzu ku auna wannan a tsakanin leɓen mutum, ɗan taƙi kaɗan da idonsa, in mai gemu ne kuma ga wuta

Auwal: Subhanallahi, Allah ya ƙara masa lafiya Anti. Abin da nake faɗa kenan wallahi, ba ka san yadda abin zai tashi ba, wanda ya cusa ma bai sani ba, musamman masu haɗawa da kansu a gida

Anti Rabi: Amin. Kuma ko bai ji ciwo ba firgitar fa? Akwai hadisi ingantacce cewa bai halatta Musulmi ya tsoratar da ɗan'uwansa Musulmi ba, kuma a kan wasa aka faɗe shi, wani sahabi na barci aka ɗauke masa igiya ya farka a razane

Malam Habu: Anti ban musa ko ɗaya ba, ni ma ba zan bari a shigo min da shi gida ba. Inda muka rabu da Auwal shi ne dalilin ɓacewarsa. Nokawut ɗin da kika ambata ai duk ƙarshen shekara 'yan sanda na sanar da hana shi, yara na ƙonewa, amma an daina sayarwa? Muddin akwai mai saye akwai mai kawowa

Auwal: Amurka ba nan ba ce Malam, can in kayanka ya cire wa mutum ido kotu zai kai ka ka biya diyya, kuma a 1966 sun yi dokar da ta hana sayar wa jama'a manyan nokawut irin su M-80. Mai kamfani dole ya yi lissafi

Malam Habu: Dokar 1966 gaskiya ce, amma a kan manyan abubuwan fashewa take. Kawo min inda ta ambaci sigari sai mu ci gaba, yanzu an kira magariba