Neman shawara: yini guda a ƙafa cikin duwatsun Gashaka Gumti

Mai tambaya, daga Katsina:

Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu mun ƙudiri aniyar zuwa gandun dajin Gashaka Gumti a watan Janairu, kuma burinmu shi ne mu fita bayan sallar asuba da kayanmu goye a baya, mu yini muna hawa da gangara, mu kwana a inda dare ya riske mu. Matsalar ita ce dukanmu 'yan Katsina ne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, kuma tafiya mafi tsawo da na taɓa yi a ƙafa ita ce daga Ƙofar Ƙaura zuwa hasumiyar Gobarau in dawo. Mahaifiyata ta ce ba za ta sa wa tafiyar albarka ba sai na gaya mata abin da zan yi idan na yi kiciɓis da namun daji. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su taimaka mini da amsar da zan kai mata.

Wani dattijo, tsohon direba:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka cire maganar kwana a inda dare ya riske ku. Wurin gandun gwamnatin tarayya ne tun 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma ba a shigarsa sai an haɗa mutum da ma'aikacin gandu; babban ofishin gandun yana Serti. Shi zai nuna muku inda ake yada zango. Daga nan Katsina za ku bi ta Kano, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti, don haka ku ware wa hanya kwana biyu, kuma ku tambayi halin tsaro kafin ku tashi.

Wani da ya taɓa zuwa:

Ɗan'uwa, abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni ma da tsoron dabbobi na tafi, amma abin da ya kusa mayar da ni gida sabon takalmi ne, domin kafin azahar duga-dugaina sun yi bororo. Ka sayi takalminka tun yanzu, ka riƙa zagaya gari da shi kullum da jaka mai nauyi a baya, kuma kada kayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, saboda haka ka ɗauki lita uku, sauran ka ɗiba a rafi ka tafasa. Guzuri kuwa kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki sun wadatar.

Game da dabbobi, wadda ma'aikatan suka fi shakka ita ce ɓauna, musamman tsohon namiji da ya ware daga garke. Idan kun hango ta, ku tsaya cik, ku yi shiru, ku ja da baya a hankali kuna neman bishiyar da za a iya hawa, domin ba a tsere wa ɓauna da gudu. A bakin kogin Kam akwai dorina da kada. Kada ku shiga tsakanin dorina da ruwa, kada kuma ku yi alwala a gurbi mai zurfi. Gwaggon biri ɓarawon abinci ne, ku rufe jaka kawai kuma kada ku zura masa ido. Birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, wanda dajin ya yi suna saboda shi, mun ji kururuwarsa da hantsi daga cikin kwari har tsigar jikina ta tashi, amma har muka fito ba mu sa shi a ido ba.

Wata malamar jinya, daga Daura:

Ƙanena, ban yarda a taƙaita magana a kan ɓauna ba, domin maciji ya fi ta kusa da ƙafarka. Kasa ba ta gudu idan ta ji motsi, kwanciya take yi a kan turba. Ka sa dogon wando mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu, ka kakkaɓe takalmin da safe kafin ka zura ƙafa. Idan Allah ya ƙaddara sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ka tafi da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da gidan sauro, da rigar sanyi mai kauri, domin tsaunin Chappal Waddi da ke can ya kai mita 2,419, kuma sanyin tudu da dare ya sha bamban da hunturun da ka sani.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya amsoshin, ta ce ta amince da sharaɗin ma'aikacin gandu ya kasance a gaba, ni a tsakiya. Yaya, saura tambaya ɗaya: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro tun a Katsina ake fara sha, ko sai an isa Serti?