Idan kundin tsarin mulki ya raba iko, me ya sa gwamnatin tsakiya ke yawan yin rinjaye?

Ɗalibin Siyasa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai tun da na fara karatu a kan tsarin tarayya. An koya mana cewa a wannan tsari jihohi ba aron iko suka yi daga gwamnatin tsakiya ba, kundin tsarin mulki ne ya yanka wa kowane ɓangare rabonsa, kuma babu mai iya ƙwace na wani sai an yi wa kundin gyara. To amma duk ƙasar da na duba, daga Amurka zuwa Indiya zuwa Ostareliya, sai in tarar gwamnatin tsakiya ta tsoma hannu a ilimi da kiwon lafiya da sauran abubuwan da aka ce hurumin jihohi ne, su kuwa gwamnoni sai dai ƙorafi. Shin rubutun ne yake da giɓi, ko kuwa akwai abin da ya fi rubutun ƙarfi? Sannan idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, wace ce ake bi?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai sauƙi. A fagen da ɓangarorin biyu ke da ikon yin doka, ta tarayya ce ke tsayawa, ta jiha kuma ta faɗi gwargwadon inda suka saɓa. Za ka sami wannan ƙa'ida a sashe na 6 na kundin Amurka, da na 31 na Jamus, da na 109 na Ostareliya, da na 4(5) na Najeriya. Sai dai akwai sharaɗi: dole ita dokar tarayyar ta kasance cikin hurumin da kundin ya ba tarayya, kuma kotu ce ke faɗin inda hurumin ya tsaya. A nan ne rigimar take.

Ka dubi shari'ar McCulloch da jihar Maryland ta 1819. Majalisar Amurka ta kafa bankin ƙasa alhali babu inda kundin ya ambaci kafa banki, jihar Maryland kuma ta ɗora wa reshen bankin haraji. Kotun Ƙoli a ƙarƙashin John Marshall ta ce wanda aka ba ikon karɓar haraji da cin bashi, an ba shi ikon samar da kayan aikin da zai yi su, kuma jiha ba ta da hurumin ɗora wa cibiyar tarayya haraji. Ba a sauya ko harafi ɗaya a kundin ba, amma ikon tarayya ya faɗaɗa ƙwarai.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne bambancin Amurka da Kanada. Gyara na 10 da aka yi wa kundin Amurka a 1791 ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Waɗanda suka tsara Kanada a 1867 kuwa, da yake yaƙin basasar maƙwabciyarsu bai daɗe da ƙarewa ba, sai suka yi akasin haka: suka ba tarayya ragowar iko, har suka ba ta damar soke dokar da lardi, wato jiha a tsarinsu, ya yi. Wanda ya karanta takardun biyu kawai zai rantse cewa lardunan Kanada ba su da wani tasiri. Amma alƙalan Landan, waɗanda su ne matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara daga Kanada har zuwa 1949 saboda tana ƙarƙashin masarautar Birtaniya, sun yi ta fassara kundin ta yadda zai amfani larduna, lardin Kwibek mai magana da Faransanci kuma bai taɓa yarda a taka shi ba. Ikon soke dokar lardi yana nan a rubuce, amma rabon da a yi aiki da shi tun 1943. A yau lardunan Kanada suna cikin mafi ƙarfin jihohi a duniya. Saboda haka ban yarda cewa kullum tsakiya ce ke cin nasara ba, kuma rubutun shi kaɗai ba zai gaya maka wanda zai ci ba.

Ma'aikaciyar Baitulmali ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayaninsa ya gamsar ta fuskar shari'a. Amma ni a ganina, ɗan'uwa, idan kana son sanin mai iko a kowace tarayya, ka fara tambayar wanda ke karɓar manyan haraji. A mafi yawan ƙasashe harajin kuɗin shiga da na kamfanoni da kuɗin fito suna hannun tsakiya, yayin da ayyukan da ke lashe kuɗi, wato makarantu da asibitoci da albashin ɗimbin ma'aikata, suke wuyan jihohi. Wanda aka ɗora wa aiki ba tare da an ba shi abin yin aikin ba, tilas ya miƙa hannu.

Ostareliya ce misali mafi bayyana. Kafin 1942 jihohinta shida suna karɓar nasu harajin kuɗin shiga. A tsakiyar yaƙin duniya na biyu gwamnatin tarayya ta ɗaga nata harajin sama sosai, sannan ta ce za ta riƙa ba kowace jiha tallafi muddin ta daina karɓar nata. Jihohi suka garzaya kotu, kotu ta ba tarayya gaskiya. Yaƙi ya ƙare, harajin bai koma ba har yau, ko da yake babu abin da ya soke wa jihohin wannan iko a cikin kundin.

Amurka ma da kuɗi take juya jihohi a inda ba ta da ikon ba su umarni. Ƙayyade shekarun da mutum zai kai kafin a sayar masa da barasa aikin jihohi ne, amma a 1984 majalisar tarayya ta ce duk jihar da ba ta mayar da shi 21 ba za a zaftare mata wani kaso na kuɗin manyan hanyoyi. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara, a 1987 Kotun Ƙoli ta ce kashi 5 cikin 100 bai kai tilastawa ba, kuma daga bisani kowace jiha ta bi. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Sai a 2012, lokacin da aka yi wa jihohi barazanar janye duk tallafin shirin lafiya na Medicaid idan suka ƙi faɗaɗa shi, kotun ta ce wannan ya wuce gona da iri, babban alƙalin ma ya kwatanta shi da ɗora wa mutum bindiga a ka.

A Najeriya kuwa, inda kusan komai ke fitowa daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A 2004 gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda sababbin da jihar ta ƙirƙira. Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa, amma ba a kammala sakin kuɗin ba sai bayan sauyin gwamnati a 2007. Ka ga ke nan jiha na iya yin nasara a kotu, ta dawo gida ta ci gaba da jiran mai riƙe da asusu.

Mai Bibiyar Tarihi ya amsa:

Ina tare da Hajiya a batun kuɗi, amma akwai wani zato a cikin tambayar da nake so in ja da shi, wato cewa duk lokacin da tsakiya ta yi rinjaye an yi zalunci. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, sai dai wani lokaci mai ɗakin ne da kansa yake zaluntar waɗanda ke ciki. A 1957 gwamnan jihar Arkansas ta Amurka, Orval Faubus, ya girke dakarun jiha a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don hana ɗalibai tara baƙaƙen fata shiga, shekara uku bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Da sunan 'yancin jiha ya yi haka. Shugaba Eisenhower ya mayar da dakarun ƙarƙashin ikonsa, ya kuma aika sojojin tarayya suka raka yaran. Babu mai adalcin da zai ce a ranar an cuci tsarin tarayya.

Indiya kuma ta nuna ɗaya fuskar. Sashe na 356 ya ba da damar sauke gwamnatin jiha idan tsarin mulki ya gagara gudana a cikinta, kuma an yi amfani da shi fiye da sau 100. A 1959 aka sauke zaɓaɓɓiyar gwamnatin 'yan gurguzu ta Kerala. A 1977 sabuwar gwamnatin Janata ta rushe gwamnatocin jihohi tara na jam'iyyar Congress, da shugabar Congress, Indira Gandhi, ta dawo mulki a 1980 ita ma ta rushe tara na abokan hamayyarta. Wannan ramuwar gayya ce ƙarara. Abin bai lafa ba sai da alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci a shari'ar Bommai a 1994, inda suka ce kotu na iya bincikar dalilin saukewar, kuma a zauren majalisar jiha ake gwada ko gwamnati na da rinjaye, ba a ofishin gwamnan da tsakiya ta naɗa ba.

Ɗalibin Siyasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya saka da alheri. Na lura duk misalan nan sai an ɓata sannan a nufi kotu. Babu ƙasar da ta tsara yadda jihohi za su sa baki tun kafin a yi dokar?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Akwai, kuma Jamus ce kan gaba. Majalisarta ta biyu, Bundesrat, ba sanatocin da jama'a suka zaɓa kai tsaye ke zama a cikinta ba, wakilan gwamnatocin jihohi 16 ne, wato shugabannin jihohin da ministocinsu. Kowace jiha tana da ƙuri'a 3 zuwa 6 gwargwadon yawan jama'arta, jimilla 69, kuma dole ta kaɗa su gaba ɗaya a ɓangare guda. Da yake jihohi ne ke aiwatar da mafi yawan dokokin tarayya, dokar da ta taɓa kuɗinsu sosai ba ta wucewa sai da amincewarsu. Tsarin yana da nasa nauyi, domin idan 'yan hamayya suka mamaye jihohi sai aiki ya cije, shi ya sa a 2006 aka yi gyara don rage yawan dokokin da ke buƙatar wannan amincewa.

Indiya ma ta gwada irin wannan a fage ɗaya. Gabanin haɗe harajin kaya da hidimomi a 2017, an kafa majalisa ta ministocin kuɗi a 2016 inda tsakiya ke da sulusin ƙuri'a, jihohi su riƙe sulusi biyu, kuma ba a zartar da komai sai da kashi 75 cikin 100. Yi lissafin da kanka, ɗana: tsakiya ba ta iya zartarwa ita kaɗai, amma ita kaɗai tana iya hanawa, alhali jihohi ko sun haɗu kaf ba za su kai adadin ba sai da ita.