"Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta": shin duk mai barin ƙasarsa korarre ne?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya ana hirar masu barin ƙasarsu su koma wata, sai wani dattijo ya rufe zancen da cewa, "Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi." Kowa ya yi tsit. Ni kuwa na kwana ina juya maganar a raina. Ta hau kan duk wanda ya ƙetare iyaka ne, ko akwai waɗanda ba ta shafa ba? Likitan da ya ajiye aikinsa ya tafi inda albashi ya fi tsoka, shi ma korarre ne?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ɗan Auta, nauyin maganar yana kan kalma ɗaya, wato "koro". Ba a ce abin da ya jawo ɓera ba. Ɓera ya san wuta sarai, ba ya dosarta da son ransa. Don haka ni a wurina maganar ta masu gudun ceton rai ce. Yaƙin Siriya da ya ɓarke a 2011 ya fitar da mutum fiye da miliyan 6 daga ƙasar, Turkiyya kaɗai ta karɓi sama da miliyan 3. A 2017 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsallaka daga Miyanma zuwa Bangaladash cikin 'yan watanni. Amma inda na fi ganin karin maganar ta zauna daram shi ne Sudan. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, jama'a suka kwarara Chadi da Masar, wasu kuma Sudan ta Kudu, ƙasar da ita kanta ba ta gama warkewa daga nata yaƙin ba. Wanda ya gudu can ya san ba inuwa ya nufa ba. Likitanka kuwa ba ya cikin wannan sahu.

Hajiya Uwar Marayu: Malam, a gafarce ni, ka ƙuntata maganar da yawa. Sai da bindiga ake kora? Yunwa fa? A 1845 cuta ta afka wa dankalin da talakawan Ayalan suka dogara da shi. Cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila, da yawa suka cika a hanya. Ba wanda ya ɗora musu takobi a wuya. Ga Benezuwela a zamaninmu, ba yaƙi ake yi ba, kuɗin ƙasar ne ya zama takarda, magani ya ɓace daga asibitoci, fiye da mutum miliyan 7 suka fita, mafi yawa zuwa Kolombiya da sauran maƙwabta. Uban da 'ya'yansa suka kwana biyu ba su ci ba, wallahi an koro shi.

Malam Mai Alli: Na karɓi gyara, Hajiya. Ina jin doka ce ta rinjayi fahimtata. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 dalilai biyar ta amince da su: a tsananta wa mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Talauci ba ya ciki. Shi ya sa mutum biyu za su sauka daga kwalekwale guda, a ba ɗaya mafaka, a mayar da ɗaya. Ashe karin maganarmu ta fi dokar faɗi.

Baƙuwar Nesa: Iyayena, ni a wata ƙasa nake zaune shekara da shekaru, kuma duk sanda aka yi mini wannan karin magana sai na ji ba daɗi. Karatu ya fito da ni, aiki ya riƙe ni, aure ya zaunar da ni. Ba abin da ya koro ni. In aka ce abin da na baro ya fi wuta zafi, an zagi gidan da ya raine ni, kuma an yi mini ƙarya. Ni "tafiya mabuɗin ilimi" ce ta dace da ni.

Kuma irina ne suka fi yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, wato kashi 3.6 cikin ɗari na mutanen duniya. 'Yan gudun hijira kaso ne kaɗan a cikinsu. Saura ma'aikata ne, da ɗalibai, da matan da suka bi mazajensu, da 'ya'yan da suka bi iyaye. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: wanda ya fi kowa talauci ba shi ke tafiya nesa ba. Fasfo kuɗi, biza kuɗi, jirgi kuɗi, ko mai safarar mutane sai an biya shi. Mai ɗan abin sayarwa ne ke iya tashi. Wanda wutar ta fi ƙona sau da yawa yana nan inda yake, ko ya tsallaka iyaka mafi kusa ya tsaya.

Ɗan Auta: To Yaya, ko "banza ba ta kai zomo kasuwa" za mu ce wa irinku?

Baƙuwar Nesa: A'a ƙanena. Zomo ai kai shi ake yi, a rataye. Ni da ƙafata na zo.

Baba Tsoho: 'Yata, ban musa miki ba, amma ki bar ni in ƙara abu ɗaya. Ba kowane mai tafiya ne ya yanke shawarar shi kaɗai ba. Sau da yawa gida ne ke zama, a dubi yaran, a zaɓi mai ƙarfi ko mai takarda, a haɗa masa guzuri, ya je ya riƙa aikowa. Shi ba a kore shi ba, aikensa aka yi. Kuɗin da 'yan Indiya mazauna waje suka aika gida a 2022 ya haura dala biliyan 100. Da shi ake biyan makaranta, da shi ake jinya. Kuma in ɗaya ya kafa ƙafa, sai ya zama tsani. A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya don ɗaukar ma'aikata na ɗan lokaci. Da yawa suka zauna, iyalansu suka biyo su, yau jikokinsu can aka haife su. Ɗan'uwan da ya bi bayan yayansa, me ya koro shi? Hanya ya gani a buɗe, da gadon kwana a ƙarshenta.

Abin da ke ci mini rai shi ne in ji an jefi irin wannan yaro da "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Yaya gida zai bar wanda ke ciyar da shi? Ni na ɗauki wannan maganar a matsayin labarin abin da nisa ke yi: a yi biki ba ka, a yi rasuwa ba ka, ka dawo ka tarar yara ba su san fuskarka ba. Abin tausayi ce, bai kamata a mai da ita gori ba.

Mai Jimami: Baba, ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake kan wannan batu. Ƙanena yana da sana'arsa, ba ya rasa na yau da na gobe. Wani dillali ya cika masa kunne, ya nuna masa hotunan waɗanda suka isa, bai nuna masa na waɗanda ba su isa ba. Ya sayar da kayan aikinsa ya tafi. Wata goma sha ɗaya yana tsare a hannun masu safara, sai da muka yi karo-karo muka fanso shi. Duk lokacin da na yi ƙoƙarin hana shi, da wannan karin maganar ake rufe mini baki. Ita tana yanke hukunci ne kai tsaye, wai "ya fi wutar zafi". Wa ya auna? Wanda bai taɓa shiga wutar ba, ina ya san zafinta? A Oktoban 2013 jirgin ruwa ya nutse dab da tsibirin Lamfedusa na Italiya, mutum fiye da 360 suka halaka. Yawancinsu 'yan Eritiriya ne, kuma na yarda abin da suka baro mai zafi ne. Amma ƙanena garin neman gira ya kusa rasa ido.

Hajiya Uwar Marayu: Allah ya ƙara masa lafiya, ɗana. Ka faɗi gaskiya, kuma ka nuna mana inda ake ɓata amfani da ita. Wannan magana bayan aukuwar abu ake yin ta, don a hana mutane zargin wanda ya riga ya faɗa. Ba a yin ta kafin tafiya don a ingiza mai shawara. Waɗanda suka rufe maka baki da ita sun ɗauki maganar jaje sun yi zuga da ita. Sai dai ka tambayi ƙanen naka a hankali. Wani lokaci abin da ke korar saurayi ba ya ganuwa: bashi, ko kunyar ganin sa'o'insa sun wuce shi.

Malam Mai Alli: Ƙari kan haka, a kula da gaban wanda ake faɗinta. Mu mun san tausayi ke cikinta, amma baƙon da aka sha kira da sunayen ƙwari da ɓeraye a ƙasar da ya sauka, kalmar "ɓera" kaɗai zai ji. Ni ba na yin ta a gaban mai gudun hijira, sai in shi ya fara yi wa kansa.

Ɗan Auta: Na ƙaru ƙwarai. Saura guda ɗaya. Tubalu, ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ruwan teku yana ƙaruwa sannu a hankali yana barazana ga ƙasarta. A 2023 ta yi yarjejeniya da Ostareliya, za a riƙa karɓar mutanenta har 280 a kowace shekara. Wanda ya tafi yau, gidansa bai nutse ba tukuna, kuma da biza a hannunsa zai sauka. Shi korarre ne?

Baba Tsoho: Korarre ne, jikana, ko da mai korar tasa a hankali yake tafiya. Abin da babu a labarinsa shi ne wutar, tunda an buɗe masa ƙofa. Rabin farko na karin maganar nasa ne, rabi na biyu kuwa ba zan yi masa shi ba.