Fiyus ɗin wurin cajin waya yana ta ƙonewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kumasi nake, unguwar Aboabo. Wurin da nake cajin waya a motata ya daina kawo wuta. Na buɗe akwatin fiyus ɗin da ke ƙasan sitiyari, na bi zanen da ke jikin murfin, na zaro na wurin: shuɗi ne, mai lamba 15A. Da na ɗaga shi a haske, siririn ƙarfen tsakiya ya tsinke, robar ma ta yi baƙi daga ciki.

Na sayo irinsa a Suame Magazine, kasuwar kayan gyaran mota, na saka. Ina murɗa makulli, tun kafin in tayar da injin, sai na ji tas! Ya sake ƙonewa. Na cire cajar gaba ɗaya, na haska ramin da tocila ko wata silalla ta faɗa ciki, babu komai. Sabon da na ƙara sakawa ma haka.

Wani ya ce in sa ruwan ɗorawa mai 20A. Na ƙi, don ina tsoron wayar wutar motar ta ɗau zafi ta kama wuta, ga yara ina ɗauka a motar.

Don Allah, ta yaya zan gano a gida inda wayar wutar take taɓa ƙarfen jikin mota, idan shi ne ke ƙona fiyus ɗin?