Yadda za ka kama kiɗan rock mai sauya ƙidaya

Wani mai koyon jita ya tambayi makaɗa yadda zai kama kiɗan rock mai bugu bakwai da ke sauya ƙidaya. Shawarar da makaɗan suka fi nanatawa ita ce kada ka ƙirga bugu bakwai a jere. Raba su gida-gida: biyu, biyu, uku. Fara da tafi, kana buga ƙafa a farkon kowane gida, kafin ka taɓa jita. Wannan ta fi kwanta mini a rai, domin jiki kan riga kai ganewa.

Sun ba mai koyo misali da waƙar "Money" ta ƙungiyar mawaƙa Pink Floyd, ta 1973. Tana tafiya a 7/4, wato bugu bakwai a kowane zagaye, sai ta koma 4/4, wato bugu huɗu, idan jita ta karɓi fage. Kasa kunne ga ganga a daidai nan.

Wasu suka ce a rage gudu, a yi ta maimaita mahaɗar kaɗai, wato inda ƙidayar ke sauyawa, har ta zauna a hannu.