Fanka a lokacin tsananin zafi: tana ceto ko tana ƙara illa?

Malam Isiyaku: Tunda sauyin yanayi ya sa ranakun tsananin zafi suna ta ƙaruwa, ni a ganina hukumomin lafiya su raba wa tsofaffi fanka, magana ta ƙare. Ba ta shan wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki, kuma kowa ya iya kunna ta.

Dokta Rabi: Malam, da gyara. Zafin fatar mutum bai cika wuce digiri 35 ba. Idan iskar ɗaki ta fi haka, fanka zafi take hura wa jiki, sai dai in akwai gumin da zai bushe ya tafi da zafin. Tsoho kuwa guminsa ya ragu, balle mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, wanda ruwan jikinsa ke saurin ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a daina dogaro da fanka idan zafi ya haura digiri 40.

Malam Garba: Dokta, ban musa ba, amma kin bar zancen laima. Inda iska ke da danshi, gumi zama yake a fata, fanka ce ke busar da shi, don haka tana da amfani. A busasshen zafi ne take cutarwa, don gumin ya riga ya bushe da kansa. Can ma akwai dabara: a yayyafa ruwa a fata ko a jiƙa riga, sannan a kunna.

Malam Isiyaku: To ai kun dawo kan maganata.

Dokta Rabi: A'a, Malam. Wa zai jiƙa wa tsohon rigar? Zafin 2003 ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi, da yawa suna zaune su kaɗai. Shirin da ƙasar ta kafa a 2004 ya haɗa gargaɗi tun kafin zafin ya iso da rajistar masu rauni da za a riƙa tuntuɓa.

Hajiya Ladi: Kuma a koya wa mutane alamar haɗari. Wanda jikinsa ya ɗau zafi ya fara ruɗewa ko sambatu, ba fanka zai jira ba. A tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa nan take, kafin motar asibiti ta iso. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa, zai shaƙe.