Shawarwarin maharba kan zaɓen bindiga mai baki uku

Drilling bindigar farautar Jamus ce, bakuna biyu na harsashi mai warwatsuwa a sama, na raifil ɗaya a ƙasa. Wajen bakunan sama, yawancin maharban da suka tattauna kan zaɓen wannan bindiga sun karkata ga lamba 16 (ma'aunin faɗin bakin bindiga ne) saboda rashin nauyi, duk da cewa harsashin lamba 12 ya fi samuwa a shaguna.

Wajen raifil, bakinsu ya zo ɗaya kan harsashi mai leɓe a gindi, domin ya fi sauƙin cirewa idan an buɗe bindigar. A cikin irin wannan harsashi, mai lamba 7x57R ya wadatar ga barewa, 9.3x74R kuma ga manyan aladun daji. Ni dai na fi riƙe gargaɗinsu kan tsofaffin bindigogi: harsasan 8x57JR da 8x57JRS ba kaurinsu ɗaya ba, lallai maƙeri ya auna bakin kafin a harba.